Yadda Ake Sa Takin Zamani Ba Tare Da Ya Zurare Zuwa Ruwan Rijiya Ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli yadda mata ke haɗa ruwan toka ya riga ya ga abin da wannan jagora za ta yi bayani a kansa. Ana zuba toka a tsohon kwano mai huji a gindi, a ɗora shi a kan wani mazubin, a zuba ruwa daga sama, sai ruwan ya ratsa tokar sannu a hankali yana ɗiga ƙasa ɗauke da gishirin da ke cikinta. Tokar tana nan a kwano kamar ba a taɓa ta ba, amma ƙarfinta ya riga ya bi ruwan da ya tsiyaye. Gonar da aka zuba wa taki haka take: ƙasar sama ita ce kwanon toka, ruwan sama ko na ban ruwa shi ne abin da ake zubawa, mazubin da ke tarar ɗigon kuwa shi ne ruwan ƙarƙashin ƙasa da rijiyoyinmu ke ɗebowa.

Wani zai ce wannan damuwar mutanen Turai da Amurka ce, domin mu a nan kukan da manomi ke yi shi ne tsadar taki da ƙarancinsa. Akwai gaskiya a maganar. A taron da aka yi a Abuja a 2006, shugabannin Afirka sun ɗauki alkawarin kai yawan sinadarin takin da ake sawa zuwa kilo 50 a kowace hekta, kuma yawancin gonakin gero da dawa na Najeriya da Nijar ba su kai wannan adadi ba har yau. Sai dai matsakaicin lissafi na ƙasa baki ɗaya yana ɓoye wuraren da abin ya fi tsanani. Fangalin albasa da tumatir da attaruhu a fadama, da gonakin shinkafa da masarar rani a wurare irin su Kadawa da Kura da Bakolori da kwarin Haɗeja, suna shan taki mai yawa sau biyu ko uku a shekara, ana kuma kwarara musu ruwa, alhali ruwan ƙarƙashin ƙasa bai wuce 'yan mitoci daga doron ƙasa ba. Tun daga shirin Fadama na farkon shekarun 1990 gajerun rijiyoyin bututu suka yawaita a irin waɗannan wurare, kuma kowa ya san cewa bututun da ake ba tumatir ruwa da shi, da shi ne masu aikin gonar ke cika jarkarsu ta sha.

Abin da ke faruwa da taki bayan an zuba shi

Sinadarin da ake magana a kansa shi ne naitirojin, wanda ke sa ganye ya yi kore shar, kuma shi ne babban abin da manomi ke saye idan ya sayi yuriya. Idan ƙwayar yuriya ta sami danshi, cikin 'yan kwanaki takan rikiɗe ta zama amoniyam. Amoniyam yana manne wa ƙwayoyin laka da ruɓaɓɓen ganye da ke cikin ƙasa, saboda haka ruwa ba ya ɗaukarsa cikin sauƙi. Amma ƙananan halittun da ke rayuwa a cikin ƙasa ba sa barin sa haka. Suna mayar da shi naitiret, kuma a ƙasa mai ɗumi da danshi irin tamu wannan aiki kan kammala cikin mako biyu zuwa uku. Naitiret kuwa ba ya manne wa komai. Yana narkewa a ruwa kamar gishiri, duk inda ruwa ya nufa nan zai bi. Muddin yana cikin zurfin da saiwar shuka ke kaiwa, abinci ne. Da zarar ya gangara ƙasa da haka, ya fita daga hannun manomi, sai dai a tarar da shi a rijiya.

Daga nan za a gane cewa abubuwa biyu ne ke haɗuwa kafin taki ya zurare: a sami naitiret zaune a ƙasa wanda shuka ba ta sha ba, sannan a sami ruwan da ya fi ƙarfin abin da ƙasar za ta riƙe. Idan ɗaya ya rasa ɗan'uwansa, asarar kaɗan ce. Duk matakan da za su biyo baya dabaru ne na hana waɗannan biyun haɗuwa.

Wani ɗan lissafi zai nuna girman abin. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, tunda kashi 46 cikin 100 ne. Ruwa milimita ɗaya a kan hekta guda lita 10,000 ne. A ƙaddara cewa a cikin damina ɗaya ruwa milimita 200 ya wuce saiwar masara ya nutse ƙasa, wato lita miliyan biyu ke nan a hekta. Idan naitirojin na buhu ɗaya tak ya bi wannan ruwa, kowace lita za ta ɗauki miligiram 11.5 na naitirojin, wanda ya yi daidai da kusan miligiram 51 na naitiret. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya wa ruwan sha ita ce miligiram 50 na naitiret a kowace lita, kuma ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ma wannan adadin ta ɗauka. Ma'ana, asarar buhu guda a hekta ta isa ta kai ruwan da ke tsiyaya daga gonar bakin iyaka. Ruwan zai gauraya da wanda ya tarar a ƙasa ya tsinke, amma idan duk gonakin da ke kewaye haka suke yi shekara da shekaru, babu ruwa mai tsabta da zai tsinka shi.

Illar da aka fi tabbatarwa tana kan jarirai, musamman 'yan ƙasa da wata shida da ake dama wa madarar gwangwani ko koko da ruwan rijiya. A cikin jikin jariri naitiret kan koma wani sinadari mai suna naitirait, shi kuma ya hana jini ɗaukar iskar oksijin yadda ya kamata, sai leɓɓan yaron da faratansa su yi shuɗi-shuɗi, numfashi ya yi masa wuya. Wani likita mai suna Hunter Comly ne ya danganta wannan ciwo da ruwan rijiyoyin gona a jihar Iowa ta Amurka a 1945. Abin da ya sa lamarin ke da haɗari shi ne naitiret ba shi da launi, ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano. Ruwan zai fito garau kamar na pampo.

Mataki na farko: a san irin ƙasar da nisan ruwa

Kafin a buɗe buhu, a ɗauki fartanya a haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya ko biyu a wurare uku na gonar. A ɗebi ƙasa daga gindin ramin, a jiƙa ta, a mulmula a tafin hannu. Idan ta ƙi dunƙulewa tana wargajewa, jigawa ce, kuma ita ce ta fi kowace ƙasa sakin taki domin ruwa na ratsa ta kamar rariya. Idan ta dunƙule amma ta karye da aka ja ta, matsakaiciya ce irin jangargari. Idan ta miƙe kamar igiya tana danƙo, laka ce, wadda ke riƙe ruwa da taki, ko da yake idan ta bushe ta tsattsage, ruwan farko kan bi tsagar ya nutse da abin da ke sama kai tsaye. Kada a yaudaru da baƙar ƙasar da ke sama a fadama, domin sau da yawa ana tarar da yashi zalla a ƙarƙashinta, shi ya sa aka ce a haƙa.

Nisan ruwa kuwa rijiya mafi kusa ce za ta faɗa. A auna igiyar guga daga baki zuwa ruwa a ƙarshen watan Agusta ko cikin Satumba, lokacin da ruwa ya fi tasowa. Gonar da ke kan yashi kuma ruwanta bai wuce gaba biyu ko uku ba, ita ce ke buƙatar a bi sauran matakan nan ba tare da sassauci ba.

Mataki na biyu: a lissafa abin da shuka za ta iya ci

Lambobi ukun da ke jikin buhu ba ado ba ne. Na farko shi ne kason naitirojin. Kamfa mai 15-15-15 tana da kilo 7.5 a buhu, mai 20-10-10 tana da kilo 10, yuriya kuma 23 kamar yadda aka faɗa. Shawarar da malaman gona suka daɗe suna bayarwa ga masara a yankin Zariya da makamantansa ita ce kilo 120 na naitirojin a hekta, wanda a aikace yake nufin buhu takwas na kamfa 15-15-15 da kusan buhu biyu da rabi na yuriya. An yi wannan lissafi ne domin ingantaccen iri, a gonar da aka cika shuka kuma aka yi noma a kan kari. Wanda ya shuka tsohon iri, ko gonarsa ta yi giɓi-giɓi, ko ya san ciyawa za ta riga shi, idan ya zuba wannan adadi to rabi ne kawai zai sami mai ci.

Daga abin da aka lissafa sai a cire abin da gonar ta riga ta mallaka. Gonar da aka yi waken suya ko gyaɗa ko wake a bara tana da saura. Gonar da aka kai wa takin dabbobi ko aka yi mata kwanan shanu tana da nata. Akwai kuma wani kaso da kusan kowa ke mantawa da shi, wato naitiret ɗin da ke cikin ruwan ban ruwan kansa. Idan gwaji ya nuna ruwan bututu na da miligiram 50 a lita, duk milimita 100 da aka ba gona daidai yake da zuba kilo 11 na naitirojin a hekta; amfanin da ya sha milimita 500 a kakar rani ya sami fiye da buhu biyu na yuriya kyauta. Masu lambu da ke ban ruwa da ruwan kwatamin birni, irin na gefen Jakara a Kano, su ma ruwansu na zuwa da taki a cikinsa. Rage yuriya a irin wannan hali ba rowa ba ce, hanya ce ta sa shuka ta tsotse abin da ya riga ya gurɓata ruwan.

Ya kamata a faɗi wani abu a fili: buhunan farko ne ke kawo yawancin ƙarin amfani. Bayan an kai abin da shuka ke buƙata, kowane ƙarin buhu ribarsa na raguwa, asararsa na ƙaruwa, har a kai inda kusan duk abin da aka ƙara ƙasa zai nufa. Idan kuma gonar na fama da ƙarancin fosfaras, wanda takin supa ke bayarwa, saiwa ba za ta yi ƙarfi ba, yuriyar da aka zuba za ta zauna ba mai sha. Zuba yuriya zalla saboda ita ce ke nuna kore da wuri kuskure ne da ya zama ruwan dare.

Mataki na uku: a raba shi, a ba shuka lokacin da take jin yunwa

A makonni uku na farko masara jaririya ce, abin da take ci kaɗan ne ƙwarai, saiwarta kuma ba ta wuce tsawon yatsa ba. Cinta na gaske yana farawa ne daga lokacin da ta kai gwiwa zuwa sa'ad da za ta fitar da kai ta yi goyo. Wanda ya juye duk takinsa ranar shuka ya ajiye naitiret a ƙasa na tsawon wata guda yana jiran ruwan Yuli da Agusta. Tsarin da ya dace shi ne a sa kamfa a lokacin shuka ko cikin kwana goma zuwa mako biyu bayan tsiro, a sa yuriya a mako na huɗu zuwa na shida. A jigawa kuwa gara a raba yuriyar kanta gida biyu, rabi a mako na huɗu, rabi kafin fitar kai. Wahalar aiki za ta ƙaru da kwana ɗaya na ƙwadago, wanda kuɗinsa bai kai na rabin buhu ba.

Shinkafa tana son taki lokacin da take fitar da 'ya'ya da kuma dab da ta ɗauki ciki. Albasa da latas saiwarsu gajera ce, ba ta cika wuce kamu ɗaya ba, saboda haka kaɗan-kaɗan sau uku ko huɗu ya fi musu, kuma a daina ba albasa yuriya idan ta fara ƙosawa, domin ban da asarar takin, takan yi ƙaton wuya ta ƙi ajiyuwa. Taki da aka sa bayan amfani ya kama hanyar nuna, kusan duka na rijiya ne.

A kuma riƙa duba sama. Danshi ake so, ba ambaliya ba. A sa taki washegarin ruwa, lokacin da ƙasa ke da laima amma ba ta caɓe ba. Idan hadari ya haɗu baƙi ƙirin a gabas, a mayar da buhu ɗaki a jira. Akwai masu gaggawar watsa taki kafin ruwan ya sauko wai don ya narkar musu da shi. Yayyafi zai yi wannan aiki, amma ruwan Agusta mai cika kwari zai wanke wani zuwa rafi, ya tura wani ƙasa.

Mataki na huɗu: a binne, kada a watsa

Yuriyar da aka watsa a doron ƙasa mai zafi takan yi asarar wani kasonta ta iska, abin da ke sa manomi ya ga kamar takin ba shi da ƙarfi, ya ƙaro wani. A yi rami da tsinke ko bakin fartanya, nisan yatsu huɗu daga gindin shuka, zurfin yatsu uku, a zuba a rufe. Marfin kwalbar lemo ya isa ma'auni. Masu bincike na cibiyar nazarin noma ta ICRISAT da ke Sadore a Nijar sun yaɗa dabarar sa ɗan taki kaɗan a ramin shuka, kimanin giram 6 na kamfa ga kowane gindin gero, kuma dabarar ta nuna cewa taki kaɗan a kusa da saiwa ya fi mai yawa da aka barbaɗa ko'ina.

Ga masu shinkafar dashe akwai dunƙulen yuriya, wanda ake tura shi da yatsa cikin taɓo zurfin santimita 7 zuwa 10 a tsakiyar gindi huɗu, kimanin mako guda bayan dashe. A cikin taɓon da ba iska, yuriya takan tsaya a matsayin amoniyam ta daɗe, shuka na sha a hankali. Dabarar ta fi dacewa da laka. A kan yashi mai saurin shanye ruwa ba ta bayar da wannan fa'ida. A Indiya kuma tun 2015 gwamnati ta wajabta a shafe yuriyar da ake yi a ƙasar da man darbejiya, wanda ke rage saurin rikiɗar taki zuwa naitiret. Itacen da muke sha wa inuwa a kowace ƙofar gida ke nan.

Mataki na biyar: ban ruwa, inda aka fi yin ɓarna

A damina ruwa ba a hannun manomi yake ba, amma a rani shi ke riƙe da tiyo, kuma a ganina a nan ne mafi yawan takin fadama ke salwanta. Abin da ake gani kullum shi ne: da sassafe mai lambu ya bi fangali yana watsa yuriya da hannu, ya tayar da inji, ya saki ruwa a fangalin farko, ya tafi gyara wata kunyar da ta ɓalle. Kafin ya dawo ruwan ya cika ya tumbatsa, fararen ƙwayoyin sun narke sun ɓace. Yana ganin taki ya shiga. Ya shiga ɗin, amma ya wuce albasar ya bar ta a sama.

Ƙasa tana da iyakar ruwan da za ta riƙe, kamar soso. Duk abin da aka ƙara a kan wannan iyaka ƙasa zai wuce, kuma ba ya tafiya hannu rabbana. Hanyar gane ko ana wuce gona da iri mai sauƙi ce. Washegarin ban ruwa a ɗauki sandar ƙarfe, irin guntun rodi, a soka a tsakiyar fangali. Za ta shige salin-alin a inda ƙasa ta jiƙe, ta cije a inda ta bushe. A auna zurfin, sannan a tono gindi ɗaya na shukar a ga inda saiwarta ta tsaya. Idan danshi ya ninka tsawon saiwa, to rabin man da injin ya sha an ƙona shi ne wajen kora taki ƙasa. A rage tsawon lokacin da ake barin ruwa a kowane fangali, a sake gwadawa, har a sami daidai. Daga nan sai a riƙe wannan lokacin da agogon waya.

A jigawa a riƙa ba da ruwa kaɗan amma a kai a kai, a laka a ba da da yawa a jima ba a sake ba. A daidaita gindin fangali ya zama bai ɗaya, domin fangalin da ya karkata sai an nutsar da gefe ɗaya kafin ruwa ya kai ɗaya gefen. A gajarta dogayen kwarin kunya a ƙasa mai yashi, tunda farkon kwarin kan sha ruwa ninki biyu kafin ƙarshensa ya jiƙe. Ranar sa taki kuwa a juya tsarin da aka saba: a ba da ruwa tukuna, washegari a binne taki a cikin danshin, ban ruwa na gaba kuma ya zama mai sauƙi. Ban ruwa biyu zuwa uku da ke biyo bayan sa taki su ne suka fi muhimmanci, saboda a lokacin ne naitiret ya fi yawa a ƙasa.

Shinkafar da ke tsaye cikin ruwa a kan laka da aka caɓa sosai ba ta cika zubar da naitiret ƙasa ba, domin a inda babu iska wasu halittun kan mayar da shi iska ya tashi. Asara ce ga aljihu, amma ba ta rijiya ba ce. Matsalar tana ga shinkafar da ake yi a ƙasa mai yashi, wadda ake cika mata ruwa yau gobe ya ƙafe: idan ta bushe naitiret ya samu, idan aka sake cikawa ya nutse.

Mataki na shida: takin gargajiya da gonar da aka bari tsirara

Ana yawan zaton takin dabbobi ba ya gurɓata ruwa tunda ba daga kamfani ya fito ba. Naitiret ɗin da ya fito daga kashin kaji da wanda ya fito daga yuriya abu ɗaya ne a cikin rijiya. Shi ya sa dokar da Tarayyar Turai ta kafa a 1991 ta iyakance takin dabbobi zuwa kilo 170 na naitirojin a hekta a shekara a yankunan da ruwansu ke cikin haɗari. Fa'idar takin gargajiya ita ce yana saki a hankali kuma yana ƙara wa jigawa ƙarfin riƙe ruwa, wanda ya sa haɗa shi da na zamani ya fi amfani da kowanne shi kaɗai. Amma kashin kaji na gidan gona yana da zafi da saurin saki, a lissafa shi kamar takin buhu. Tulin taki da aka jibge a gona tun rani a baza shi a haɗe da ƙasa dab da shuka. Tulin da ruwa ya yi ta duka a wuri guda yana tsiyayar da baƙin ruwa kai tsaye zuwa ƙasa.

Ruwan farko na damina yana tayar da halittun ƙasa daga barcin rani, su saki naitiret mai yawa a lokaci guda ko da ba a sa taki ba. Wanda ya yi shuka da wuri shi ke cin wannan garaɓasa, wanda ya makara kuma ruwa ya riga shi. A ƙarshen kaka ma haka: waken da aka sa a tsakanin masara ko gero yana ci gaba da shan abin da ya rage. Gawo da ake bari a gona saiwarsa na kaiwa zurfin da hatsi ba ya kaiwa, yana ɗauko abin da ya kuɓuce ya dawo da shi sama a cikin ganye.

Mataki na bakwai: a kare bakin rijiya, a kuma gwada ruwan

Ba duk naitiret ɗin rijiya ne daga gona yake ba. A cikin gari da ƙauye, masai da turken dabbobi da juji sukan fi taki laifi. A bar aƙalla mita 30 tsakanin rijiyar sha da masai ko turke ko tulin taki, kuma rijiyar ta kasance ta sama da su idan wurin gangare ne. A yi mata daɓen siminti da ɗan kwalbatin da zai kai ruwan da ya zube nesa, a ɗaga bakinta, a rufe. A bar 'yan taku a kewayen rijiyar gona da ba a zuba musu taki, kuma kada a jiƙa taki ko a wanke buhunansa a bakinta. Tsohuwar rijiyar da aka daina amfani da ita a cike ta, kada a mayar da ita juji, domin ƙofa ce buɗaɗɗiya zuwa ruwan da maƙwabta ke sha.

Gwaji kaɗai ke nuna halin da ruwa ke ciki. Akwai 'yar takardar gwaji da ake tsomawa a ruwa ta canza launi a cikin minti ɗaya, a gwada launin da jadawalin da ke jikin kwalinta. Domin tabbatarwa kuma a kai samfuri ɗakin gwaji na hukumar ruwa ko na jami'a, a cikin kwalba mai tsabta, a sanyaye, a ranar da aka ɗebo. A yi gwajin sau biyu a shekara, a ƙarshen damina da tsakiyar noman rani. A lura da yadda aka rubuta sakamakon: idan naitiret aka auna iyakar 50 ce, idan kuwa naitirojin ɗin da ke cikinsa aka auna iyakar kusan 11 ce, kuma rikita waɗannan biyun kan sa a ɗauki ruwa mai haɗari a matsayin lafiyayye.

Idan ruwan ya wuce iyaka, abu na farko shi ne a daina haɗa wa jarirai abinci da shi, masu juna biyu ma su nemi wani. Shayar da nono zalla a watanni shida na farko kariya ce a nan, domin naitiret ba ya wucewa cikin nono da yawan da zai cutar. Tafasa ruwan ba ya cire shi. Tururi ne ke tashi, naitiret ya zauna ya ƙara kauri. Alif da kulorin da tacewa da ƙyalle duk ba sa taɓa shi. Na'urori masu tsada ne ke iya cire shi, irin wadda birnin Des Moines na jihar Iowa ya gina a farkon shekarun 1990 saboda takin da ke gangarowa daga gonakin masara. Ga ƙauye, mafita ita ce rijiyar burtsatse mai zurfi da aka toshe gefenta da siminti, ko wata rijiyar da gwaji ya wanke, ita kuma mai naitiret a bar ta ga ban ruwa da wanki, a cire kasonta daga yuriyar da za a saya.

Ruwan ƙarƙashin ƙasa bai san iyakar gona ba, saboda haka wanda ya gyara nasa aikin shi kaɗai ba lalle ne rijiyarsa ta sauya ba idan maƙwabtansa na sama suna ci gaba da kwarara. Ƙungiyar masu ban ruwa ko ta manoman unguwa ita ce ta dace ta sayi takardun gwaji, ta zaɓi rijiyoyi biyar ko shida, ta buɗe littafi tana rubuta kwanan wata da sakamako. A fadama mai gajeren ruwa za a iya ganin canji cikin kaka ɗaya ko biyu. A inda ruwa ke da nisa kuwa naitiret kan ɗauki shekaru yana gangarawa. A duwatsun alli na kudancin Ingila tafiyarsa ba ta wuce kimanin mita ɗaya a shekara ba, har takin da aka zuba shekaru da dama da suka wuce yanzu yake isa ruwa. Idan lambobin littafin suka ƙi sauka a shekarar farko, a ci gaba da rubutawa a watannin da aka saba, a kuma ƙara shafi guda na yawan buhunan da kowane manomi ya sa da ranakun da ya sa su.